Mayar da motar rimot daga mai zuwa lantarki: me zan ƙera da kaina, kuma da wane ƙarfe?

Tambaya: Na sayi motar rimot ƙirar T-Maxx ta hannu, irin mai injin nitro. Man yana wuyar samu, shi ya sa na cire injin na sa na lantarki mai KV 2200 (ma'aunin saurin juyinsa). Wani abokina ya buga mini mazauninsa da injin 3D. Ban yi minti goma ina tuƙi ba haƙoran babbar giya suka cinye, kuma birki ba ya kamawa. Shin in je a ƙera mini komai da ƙarfe ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yi saurin mayar da komai ƙarfe. Akwai abin da dole ya zama ƙarfe, akwai kuma wanda gara ka bar shi da rauninsa da gangan.

Injin nitro ba ya da ƙarfin kirki sai ya hau sama, wajen juyi 30,000 a minti, kuma tsakaninsa da giya akwai kuloci da ke kamawa a hankali. Injin lantarki kuwa daga tsaye yake sakin ƙarfin murɗarsa gaba ɗaya. Kana taɓa rimot, haƙori ya daki haƙori babu abin da ya tare. Traxxas ta fito da T-Maxx a 1999, kuma an tsara giyarta da sandunan tayarta ne bisa halin injin mai. To ka ga duk abin da za ka ƙera, wannan dukan farko ne abin lura.

Zargina na farko yana kan mazaunin da aka buga maka. Idan da robar PLA aka yi shi, tana fara laushi tun wajen digiri 60, alhali injin lantarki yana kaiwa 70 ko fiye idan ana aiki da shi, balle a kan ƙasa mai zafi da tsakar rana. Mazaunin yana lanƙwasa kaɗan, ƙaramar giyar da ke kan sandar injin ta ja baya, sai bakin haƙoranta kawai ke shafar na babbar. Ɗauko giyar da ta lalace ka duba da kyau. Idan saman haƙoran ne ya gundule, gindinsu yana nan lafiya, to giɓi ne ya buɗe. Idan kuwa robar ta narke ta yi baƙi-baƙi, ko tsakiyar giyar ta yi laushi, matsewa ce ta yi yawa ko kuma faifan zamewa, wato wanda ke bayan babbar giya yana zamewa idan ƙarfi ya yi yawa, ya daɗe yana zamewa har ya yi zafi. Abin da aka buga maka yana da amfaninsa: samfuri ne. Da shi za ka gwada ko ramuka sun dace, sannan ka kai wa mai injin yanka ƙarfe ya fitar maka da irinsa a alminiyam. Nau'in 6061 ya wadatar, kauri milimita 5 zuwa 6, kuma ya zama yana da ƙafa mai faɗi da ke kama shasi da sukuru huɗu. Alminiyam yana kuma janye zafi daga jikin injin, abin da roba ba ta yi.

Kafin a yanka komai, sai an yi lissafi, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Giya biyu ba sa tafiya tare sai girman haƙorinsu ya zo ɗaya. Wannan girman shi ake kira mojul. Ƙirga haƙoran babbar giyarka, ka auna faɗinta daga bakin haƙori zuwa bakin haƙorin da ke ɗaya gefen, sannan ka raba faɗin da adadin haƙora da ƙarin biyu. A ce ka ƙirga 54, ka auna milimita 44.8. Raba 44.8 da 56, ka sami 0.8. Mojul 0.8 kusan ɗaya yake da abin da 'yan kasuwa ke rubutawa 32P, ana ma haɗa su. Amma mojul 1 daban ne, kuma idan ka cusa shi a kan 0.8 zai cinye giyar cikin mintuna. Duba wannan ma a motarka.

Nisan da ke tsakanin tsakiyar giya biyun shi ne jimlar haƙoransu sau mojul, a raba biyu. Babba mai 54 da ƙarama mai 18 sun ba da 72, sau 0.8, a raba biyu, milimita 28.8 ke nan. Duk haƙori ɗaya da ka ƙara wa ƙaramar giya yana ture injin baya da milimita 0.4. Saboda haka kada ka huda zagayayyun ramuka. Yi dogayen ramuka da injin zai iya matsawa aƙalla milimita 4, domin ka iya sauya ƙaramar giya daga 14 har 22 ba tare da sabon mazauni ba. Ramukan fuskar injin galibi milimita 25 ne tsakaninsu, amma ka auna naka, ka kuma tabbatar ko sandarsa milimita 5 ce ko 3.175, don ƙaramar giyar ta zauna daram. Wajen ɗaurewa, sa siririyar takarda tsakanin haƙoran, ka matsa injin, ka ɗaure, ka juya takardar ta fita. Idan ka riƙe ƙaramar giya ka motsa babbar, ya kamata ka ji ɗan "ƙit-ƙit" kaɗan. Gwada a wurare uku ko huɗu na zagayen, domin giyar roba ba kasafai take cika zagaye daidai ba. Ɗan sukurun da ke riƙe ƙaramar giya ya sauka a kan shafaffen gefen sanda, da ɗigon gam mai shuɗi na hana kwancewa.

Maganar birki kuwa ba laifin ESC ɗinka ba ne, wato na'urar da ke sarrafa gudun injin. Giyabos mai canji biyu na motocin nitro yana da boris da ke kamawa ta gefe ɗaya kawai. Injin yana iya tura taya, amma idan ya tsaya cak, tayoyin suna ci gaba da gudu abinsu. Hanya biyu ce: ko ka bar birkin faifai na asali da servo ɗinsa, wato ɗan injin da ke jan birkin, ko ka ƙera ɗan ƙarfe da zai maye gurbin boris ɗin ya kulle giyar da sandarta. Ni na fi son kullewa a kan giya ɗaya a cire ta biyun, domin injin lantarki ba ya bukatar canji, kuma kayan da suka ragu sun rage maka abin lalacewa. Wannan ɗan ƙarfen dai baƙin ƙarfe za a yi shi, da fil mai ratsa sanda. Alminiyam ba ya jure wannan wurin, ramin fil ɗin zai buɗe.

Sai abin da nake roƙonka ka bari da rauninsa. Babbar giya ta roba tare da faifan zamewa da ke bayanta su ne kamar fiyus a wayar gida: idan ƙarfi ya wuce kima, su ke fara sallamawa, kuma su ne mafi arha da sauƙin canzawa. Idan ka sa ta ƙarfe ka kuma ɗaure faifan tamau, dukan bai ɓace ba, ya dai wuce gaba ne zuwa giyoyin cikin difarenshal (akwatin da ke raba wa tayoyi juyi) da sandunan taya, waɗanda suka fi tsada da wahalar samu. Saita faifan ya ɗan zame na taku ɗaya ko biyu idan ka taka gaba ɗaya daga tsaye. Sandunan taya na roba kuwa ka iya sauya su da na ƙarfe, don su ne ke murɗewa bayan giya. Ka kuma buɗe difarenshal ka sa siraran washa har wasan da ke tsakanin giyoyinsa ya ragu.

Batir ma yana cikin lissafin. KV 2200 na nufin juyi 2,200 a minti a kan kowane volt. Batirin LiPo mai ɗaki huɗu yana ba da volt 14.8, wato juyi 32,560, kusa da abin da motar ta saba da shi. Mai ɗaki shida yana ba da 22.2, juyi 48,840, wanda ya fi ƙarfin kayan cikinta. Tsaya a huɗu, ka kuma rage kaifin tashi a saitin ESC.

Ranar gwaji, fara da ƙaramar giya mai ƙarancin haƙora. Yi tuƙin minti biyar ka tsaya ka auna zafin injin. Idan yana ƙasa da digiri 70, kana iya ƙara haƙori ɗaya ko biyu. Idan ya doshi 80, koma baya. Sannan ka sake duba giɓin giyar tun injin yana da zafi, domin a lokacin ne za ka san ko sabon mazaunin yana riƙewa.