Tsofaffin rim sun cika maka sito, kana neman bashin ƙaro sababbi

Tambayar wannan makon daga wani matashi ce mai shagon taya da rim a Kaduna. Ya ce masu motoci na zuwa ya sauya musu rim zuwa masu ƙyalli na alminiyam, su bar masa tsofaffin, ya rage musu kuɗi. Saiti ɗaya na rim huɗu yana zo masa a naira dubu 270, ya sayar dubu 320, ya yafe kamar dubu 80 a madadin tsofaffin. Yanzu yana da tsofaffi wajen 60 a sito, ciniki na tafiya, amma kuɗi ba sa zama a hannu. Yana so ya ci bashin miliyan uku ya sauka kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas ya ɗebo kaya da yawa, don a cewarsa wannan harka ce za ta fitar da shi cikin shekara ɗaya.

Ƙanena, ajiye zancen Ladipo tukuna. Kai da kanka ka kawo lissafin da ya tona ka. Ka sayi kaya dubu 270, abin da ya shiga aljihunka dubu 240. Ke nan duk motar da ta fita daga shagonka tana sheƙi, ta tafi da dubu 30 daga uwar kuɗinka. Ribar da kake ƙirgawa tana can jibge a sito tana shan ƙura. Rim 60 saiti 15 ne, a dubu 80 kowanne, miliyan ɗaya da dubu 200. Jarin da kake nema a hannun mutane, kusan rabinsa kai ka binne shi da hannunka.

Kuskurenka ɗaya ne: ba ka ɗauki karɓar tsohon rim a matsayin saye ba. Kana ganin alfarma ce kake yi wa kwastoma don ciniki ya faɗa. Saye ne. Kuɗi ka fitar ka sayi kayan da ba ka duba ba, ba ka rubuta ba, ba ka san wa zai saya ba. Cinikin biri a sama ke nan. Da wani ya shigo shagonka da rim huɗu a kafaɗa ya ce ba ni dubu 80, za ka juya su, ka taya dubu 40, wataƙila ma ka ce Allah ya kawo kasuwa. To me ya sauya don sun zo a jikin mota?

Kuma rim ba shinkafa ba ne da kowa zai saya. Na Peugeot 406 huji huɗu ne, ba zai hau Camry mai biyar ba. A cikin masu biyar ɗin ma, tazarar hujin Golf 4 da yawancin Corolla da Vibe milimita 100 ce, ta Camry da Accord 114.3, ta Marsandi 112. Ko Camry da Accord da tazararsu ta zo ɗaya, ramin tsakiyar na Toyota ya fi ƙanƙanta, ba ya zama a kan Honda. Saboda haka kowane saiti yana jiran mai irin motarsa ne, wani ya samu a mako, wani ya shekara. Idan na tambaye ka yanzu saiti nawa ne a sitonka zai hau Corolla, sai ka je ka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Nan matsalar take.

Na san wani a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da ya yi irin wannan. Ya bar wa yaron shagonsa, ɗan yayarsa ne ma, sayar da tsofaffin, tunda a ganinsa ragowa ce. Yaron ba sata yake ba. Direba zai zo neman guda ɗaya na safaya, ya zare masa daga cikin saiti, kuɗin su shige abincin rana da man janareta. Da maigidan ya tashi neman kuɗin haya, ya tarar yawancin saitin sun koma uku-uku. Wa zai sayi rim uku? Waɗanda suka rage kuma da aka wanke, sai ga walda a bayan wasu, wasu bakinsu ya lanƙwashe tun daga ramukan hanya. A ƙarshe 'yan gwangwan suka ɗora su a sikeli, aka biya shi kuɗin kilo, aka kai wa masu narka tukwane.

Ga abin da za ka yi. Ka ware kwana ɗaya ka fito da su duka waje, a wanke. Ka duba cikin kowanne da baya, don tsagewa da walda can suke ɓuya, gaba kuwa fenti ne. Wanda kake shakka, mai faci ya ɗora masa taya ya tsoma a ruwa, ko a juya shi a injin balansin ka ga ko yana rawa. Ka rubuta lamba a jikin kowane saiti, ka buɗe masa layi a littafi: inci nawa, huji nawa, wace mota, nawa ka yafe, wace rana. Mai tsagewa kada ka sayar wa kowa ya hau titin Zariya da iyalinsa, kai shi sikeli. Wanda ya wuce wata uku ka karya farashinsa, ko da asara, ka karɓi kuɗinka. Na ƙarfe direbobin haya za su ɗauke maka, don shi ana buga shi da guduma ya miƙe.

Daga yau kuma, kafin ka yafe ko sisi, ka tambayi kanka nawa dillali zai ba ka a kan saitin nan yau, kuɗi hannu. Abin da za ka yafe ya zama ƙasa da haka. In kwastoma ya ce ya yi kaɗan, saka masa kayansa a but ya je ya sayar da kansa.

Bashin miliyan uku kuwa ban goyi baya ba. In ka kwashe siton nan ka ga nawa ya dawo, ka rubuto mini adadin, sai mu yi maganar Legas.