Takarda ta ce "isolation", ma'aikata sun ce "quarantine": mu ma mun kamu ke nan?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Daga Bauchi nake rubuto maka, hankalina a tashe. Ƙanen maigidana ya fi mako yana fama da zazzaɓi, da aka kai shi babban asibiti aka ɗibi jininsa, sai aka ce zazzaɓin Lassa ne. A takardar da suka ba mu an rubuta "isolation". Washegari wasu ma'aikata suka zo gida suka rubuta sunayenmu kaf, suka ce muna cikin "quarantine" na kwana 21. Na tambayi ɗana da ke sakandare, ya ce duk abu ɗaya ne, killacewa. To mu ma ciwon gare mu? Surukata ta daina cin abinci tun da maƙwabta suka ce mata wanda aka shigar wannan ɗaki sai dai gawarsa. Yanzu 'yan'uwa suna shawarar a san dabarar fito da shi a kai shi ƙauye wurin mai magani.

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba shi lafiya. Kafin komai, ki isar mini da saƙo ga maigidanki a yau ɗin nan: kada a kuskura a fito da yaron nan.

Ɗanki bai yi laifi ba, abin da ya saba ji a rediyo ya faɗa. Tun zamanin korona aka ɗauki "killacewa" aka ɗora mata kaya fiye da ƙarfinta, alhali a wurinmu ma'aikatan lafiya waɗannan kalmomi biyu mutum biyu daban suke nuni.

"Isolation" na wanda ciwo ya riga ya kama ne, ko alamu suka bayyana a jikinsa ana jiran sakamako. Ana keɓe shi a ɗakin da ba kowa ke shiga ba, masu jinyarsa su sa kayan kariya, a yi masa magani. Tushen kalmar daga kalmar Latin ne mai ma'anar tsibiri. Ƙanen maigidanki ke nan.

"Quarantine" kuwa na mai lafiya ne wanda ya yi mu'amala da mara lafiya, ba a sani ba ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Ta samo asali daga "arba'in" a harshen mutanen Venice ta Italiya, inda ake tsare jiragen ruwa kwana 40 kafin a bar fasinja su sauka, saboda tsoron annoba. Birnin Ragusa, wato Dubrovnik ta yau, ya riga su da dokar kwana 30 a shekarar 1377. Ke mace ce, kin san idda: ba hukunci ba ce cewa mace na da ciki, jira ne har a tabbatar. To haka nan. Ƙwayar Lassa takan ɗauki kwana 6 zuwa 21 kafin ta nuna kanta, shi ya sa aka ce muku 21. A korona 14 aka riƙa cewa, don kowace cuta da nata lissafin.

Saboda haka a'a, ba a ce kuna da ciwon ba. Hasali ma abin da ake yi wa iyalin mai Lassa ya fi kusa da sa ido, ba kulle ƙofa ba, domin ba a san wanda bai fara nuna alamu ba da yaɗa ta. Kowa a auna zafin jikinsa safe da yamma. Wanda ma'auni ya kai digiri 38, ko ya ji ciwon maƙogwaro, kasala, amai ko ciwon kai mai tsanani, a kira ma'aikatan da suka rubuta sunayenku, ko lambar kyauta ta hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, wato 6232. Kada kowa ya yi tafiya har kwanakin su cika.

Sauran kalmomin da ake cakuɗawa da waɗannan ba su da alaƙa da ku. "Lockdown" ita ce dokar kullen da aka sa wa gari guda, kamar yadda Kano ta gani a Afrilun 2020. "Segregation" wariya ce, irin ta launin fata da aka yi a Amurka da Afirka ta Kudu. "Solitary confinement" horo ne na gidan yari, a kulle fursuna shi kaɗai. Abin takaicin shi ne, idan aka ce wa mutanenmu "isolation", wannan ta ƙarshen ce ke faɗo musu a rai.

Yanzu ga maganar maƙwabtanku, wadda ta fi cutar kanta ci mini tuwo a ƙwarya.

Kusan kullum sai na ji ta. "Ai in an shigar da mutum can ba ya fitowa." "Ai allura suke yi musu." "Ai kuɗi gwamnati ke karɓa a kan kowace gawa." Mai faɗa bai taɓa taka ƙofar ɗakin ba, daga bakin mai shayi ya ji, shi ma daga WhatsApp. Ni kuwa da ke shiga ciki, ga abin da nake gani. Mutum zai fara zazzaɓi, a je kemis, mai kemis ya ce maleriya ce ba tare da gwaji ba. Kwana uku ba sauƙi, sai a ce ai taifod ce ta haɗu da ita, a kira wani yaro mai farar riga ya zo gida ya rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusar bango, hannunsa ko safa babu. Daga nan a koma jiƙo da hayaƙi, wai shawara ce ko sammu. Sai ranar da fuska ta kumbura, fitsari ya ɗauke, jini ya fara fita ta dasashi, sannan a ɗauko shi ranga-ranga a kawo mana cikin dare. Ya kwana biyu ya cika. Gobe a unguwa me za a ce? Asibiti sun kashe shi. Mai kemis kuwa yana nan a shagonsa yana jiran na gaba, ba wanda ya tuhume shi.

Maganin da ake ba mai Lassa, ribavirin, ya fi amfani idan an fara shi a cikin kwana 6 na farko. Bayan shi akwai ƙarin ruwa da ake yi da lissafi, ƙarin jini idan ya kama, da wankin ƙoda ga wanda ƙodarsa ta tsaya. Wanne daga ciki mai maganin ƙauye yake da shi? Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kusan kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ciwon bai yi musu tsanani, wasu ma ba sa sanin sun kamu. A cikin waɗanda ya kwantar a asibiti da tsanani, kimanin kashi 15 ne ke rasuwa. Lissafin ba wuya: mafi yawansu da ƙafarsu suke fita. Amma wanda ya warke yakan koma gida ya yi gum don kada a ƙyamace shi, wanda ya rasu kuwa gari duka ya ji. Da haka ƙaryar ke samun gindin zama.

Ki duba abin da zai faru idan aka sato shi. Za a sa shi a mota, mutum huɗu a manne da shi, yana amai. A ƙauye mahaifiyarsa ce za ta wanke masa bahaya da hannunta, ita ce za ta ba shi ruwa a kofin da jikoki ke sha. Cutar nan daga ɓera take fara shiga mutum, ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci, amma tsakanin mutane ta jini, amai, fitsari da sauran ruwan jiki take bi. Idan akwai mai tsohon ciki a gidan, haɗarin ya ninka, domin a watannin ƙarshe da wuya ɗan ciki ya tsira, uwar ma tana cikin hatsari. Idan ta Allah ta kasance a can, masu wanka ne na gaba. A Janairun 2020 likitoci biyu suka rasu a Kano sanadin wannan cuta, mutanen da ke da ilimi da safar hannu. Ina ga tsohuwa da buta?

Ko a tarihin ƙasar nan akwai darasi. A Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da Ebola, ya matsa lamba a sallame shi daga asibiti, Dokta Stella Adadevoh ta ƙi. Ta kamu, ta rasu, amma cutar ta tsaya a kan mutum 20, 8 suka mutu, kuma ranar 20 ga Oktoba aka ayyana Najeriya ta rabu da ita. A daidai lokacin ne jita-jita ta sa jama'a wanka da ruwan gishiri da shan sa, har wasu suka rasa rayukansu ba tare da Ebola ta ko kusance su ba.

Ba zan wanke namu ɓangaren ba. Wane irin aiki ne a miƙa wa iyalin da ke cikin firgici takarda da Turanci, a rubuta sunayensu, a hau mota a tafi ba bayani? Minti biyar na Hausa da ya hana surukarki wannan azumin dole. Kuma ba a manta ba, a Mayun 2020 masu korona da aka keɓe a Kwadon ta Jihar Gombe sun fito kan titi suna zanga-zangar rashin kulawa. Irin wannan sakaci shi ke ba 'yan jita-jita makami. Amma maganinsa a tsaya a nemi haƙƙi: ku tambayi sunan likitan da ke duba shi, ku nemi a riƙa gaya muku halin da yake ciki kullum. Kuna da wannan haƙƙin, kada kunya ta hana ku.

Masu cewa keɓe mara lafiya rashin tawakkali ne ko al'adar Bature, su koma makaranta. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shiga, idan ta ɓarke kuna ciki kada ku fita don guje mata. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, da aka ce masa ko gudun ƙaddara yake, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Duk wannan ƙarnoni kafin mutanen Venice su fara ƙirga arba'in ɗinsu. Wanda ya sato mai Lassa ya kai shi cikin jama'a, ya shirya amsar da zai bayar kan duk wanda ya kamu ta dalilinsa.

Akwai kalma ɗaya da ba ta cikin takardarku amma tana cikin ɗakin, "loneliness", wato kaɗaici da kewa. Mutum yana kwance, duk wanda ya shigo fuskarsa a rufe, ido kawai yake gani. Wannan kam aikinku ne ba namu ba. Ku aika masa da waya da caja ta hannun ma'aikata, ku sa masa kati, a haɗa shi da mahaifiyarsa ta ji muryarsa, in da hali ta gan shi a bidiyo. Ina kyautata zaton a ranar za ta ci abinci.

Idan Allah Ya sa an sallame shi, a duba jinsa, domin kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke kan samu matsalar kunne, wasu jin nasu ya dawo bayan wata ɗaya zuwa uku. Idan yana da aure, likitansa zai yi masa bayanin haƙuri ko kariya na wata uku, saboda ƙwayar takan daɗe a maniyyi. Ke kuma ki bi gidan: hatsi da gari a mazubi mai murfi, a daina shanya a ƙasa, a toshe ramukan ɓera, wanda aka kashe kada yara su ɗauka da hannu.