Tambaya da Amsa: Ina Ruwan Jakara Ya Tafi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Dattawan unguwarmu suna cewa a da akwai wani makeken ruwa kwance a gefen Kasuwar Kurmi, kuma daga cikinsa Jakara take fita. Mu kuwa abin da muka taso muka gani lambatu ne. Shin da gaske Jakara ƙorama ce, kuma ina wancan ruwan ya tafi? Daga wani mai karatu a unguwar Koki.

Amsa: Wa alaikumus salam. Dattawanku sun faɗa maka gaskiya. Jakara ƙorama ce da Allah ya halitta, kuma ta riga birnin da ke kewaye da ita. Tsohon birnin Kano yana zaune ne a kan tudun da ya raba ruwa biyu: ruwan saman da ya sauka a kudancin gari yana gangarawa zuwa Kogin Challawa, wanda ya sauka a tsakiyar birni da arewacinsa, har da na gindin Dala da Goron Dutse, yana neman kwarin Jakara. A da, a inda kwarin ya buɗe, dab da kasuwa, ruwan yakan rage gudu ya kwanta, ya zama fadama mai faɗi. Tana batsewa a watan Agusta lokacin da damina ta kankama, ta janye da rani.

Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a shekarar 1908, ya ambaci wannan wuri tun zamanin Barbushe, inda ya kira shi Kurmin Baƙin Ruwa, wani duhun itatuwa da mutanen Dala suke girmamawa, suna kai masa yanka idan masifa ta tunkaro gari. A ganina, abin lura a nan shi ne kurmi irin wannan ba ya tsayuwa a ƙasar da ake shafe fiye da rabin shekara ba a ga ɗigon ruwan sama ba, sai inda ƙasa take riƙe da laima. Wannan laimar, tare da tamar da maƙera suke samu a Dala, ita ta ba mutane damar zama su yi noma su haƙa rijiyoyi. Da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwa a bakin wannan ruwa, ya zaɓi wurin da ayarin fatake zai sauke kaya dabbobi su sha, kuma kasuwar ta gaji sunan kurmin har yau.

Baƙin da suka zo daga baya sun tarar da ruwan. Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano a 1824, ya ba da labarin wata fadama da ta kusan raba birnin gida biyu, kuma Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya ambace ta da sunanta, ya ce galibin Haɓe suna zaune a arewacinta, Fulani a kudancinta. Dukansu sun koka da ƙazantarta, wanda ke nuna cewa zuba mata shara ba yau aka fara ba.

Ruwan bai ɓace ba, matse shi aka yi. Da jama'a suka yawaita, aka riƙa cike gefen fadamar da juji ana gini a kai, haka kuma aka yi wa kududdufai da yawa da suke tare ruwan sama kafin ya isa kwari. Daga baya aka ɗaure ƙoramar da kankare, sannan a zangon mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu aka fara aikin rufe wani sashe nata domin shimfiɗa titin Wuju-Wuju. Ruwan da a da yake samun filin kwanciya yanzu yana haɗuwa gaba ɗaya a ƙuntatacciyar hanya mai cike da leda, shi ya sa mamakon sa'a ɗaya yake iya shiga gidajen mutane.

Bayan ta bar birni, Jakara tana bi ta Fagge ta nufi arewa maso gabas, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, ta zuba a madatsar Wasai da ke Ƙaramar Hukumar Minjibir, wadda aka gina a 1976. A kan wannan hanya 'yan lambu, irin na Kwakwaci, suna ban ruwa da ita, suna noma latas da kabeji da alayyafo da karas da ake ci a cikin gari. Binciken masana ya sha gano sinadarai masu cutarwa irin su dalma a ruwan da ƙasar lambunan. Ba na ɗora wa manoman laifi, domin da rani ba su da wani ruwan. Abin da ya wajaba shi ne a tilasta wa masana'antu tace ruwansu kafin ya shiga Getsi, a kuma hana cike kududdufan da suka rage a cikin birni.