Tambaya da Amsa: faifan fim ya cije a tsakiyar kwafi, laifin faifai ne ko na kwamfuta?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon tambayoyin da suka taru kusan duk a kan faifan CD da DVD ne, to bari mu shiga kai tsaye.

Tambaya daga wani mai shagon caji da tura finafinai, ƙaramar hukumar Jahun:

Malam barka da aiki, dan Allah a taimaka min. Mutanen ƙauyukanmu suna kawo min faifan bikinsu ko na saukar yaransu ko tsofaffin finafinan da suka saya tun da daɗewa su ce in juye musu a memori, to in na saka a laftof sai ya fara tafiya lafiya lau, ya wuce rabi sai ya tsaya cak, wajen faifan ya dinga ƙara yana juyi yana tsayawa, can sai ya rubuto min Data error cyclic redundancy check, kuma abin mamaki in na saka wannan faifan a DVD na talabijin yana yi. Laftof ɗin ce ta lalace ko yaya?

Amsa: Ɗan'uwa sannu da ƙoƙari, kuma ka kwantar da hankalinka, yawanci ba laftof ɗin ba ce. Abin da wannan rubutun yake faɗa maka shi ne, kowane ɗan yanki na bayanin da ke kan faifai an haɗa shi da wani lissafi na tantancewa, in kwamfuta ta karanto yankin sai ta sake lissafin ta gani ko ya yi daidai, in bai yi ba sai ta koma ta sake karantawa, ta sake, ta sake, wannan ƙarar da kake ji kenan, in ta gaji sai ta ajiye aikin gaba ɗaya. Shi kuwa DVD na talabijin ba ruwansa, in ya zo wajen da ya lalace hoton ya ɗan daskare ko ya farfashe sai ya tsallake ya ci gaba, don shi kallo kawai yake nuna maka. Kwamfuta kuwa in kwafi ka sa ta so take ta ɗauko komai ba ragi.

Kafin ka taɓa komai ka fara gano ina matsalar take, nan ne mutane da yawa suke yin ɓarna, su kama faifan mutane da gurza alhali idon na'urarsu mai karanta faifai ne ya yi ƙura. Ɗauko wani faifan mai kyau wanda ka tabbatar da lafiyarsa ka kwafa. In ya tafi har ƙarshe, to na'urarka lafiyarta ƙalau, faifan ne. In shi ma ya cije, na'urar ce. Sannan shi faifan da ya ƙi ka kai shi kwamfutar wani ka gwada, ko da na mai bizines senta ne a cikin gari, domin ba duk na'urori ne ƙarfin idonsu ɗaya ba, wallahi sau da yawa faifan da laftof ta ƙi sai ka ga babbar kwamfuta ta tebur ta karance shi tas.

Batun cewa sai ya wuce rabi yake tsayawa ma akwai dalili. Rubutun faifai daga tsakiya yake farawa, kusa da hujin nan, yana zagayawa yana fitowa har baki. To ƙarshen fim yana can bakin faifan, inda yatsu suke kamawa, inda maiƙon hannu da karce suka fi yawa, kuma in faifan ya ɗan lanƙwashe saboda zafi nan ne ya fi rawa. Juya shi a haske ka duba wajen da kyau. In datti ne ka yi sa'a, samo ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun wanke-wanke na ruwa, ka wanke shi a hankali da tafin yatsa, ka ɗauraye, ka tsane shi da tsumma mai laushi irin na goge tabarau. Wajen gogewa ka ja daga tsakiya zuwa baki a miƙe, kar ka bi shi zagaye. Karcen da ya ratsa layukan a gicciye na'ura tana iya cike gurbinsa da lissafi, amma wanda ya bi layi ɗaya ya kwanta a kai ya cinye bayani mai yawa a jere, ba ta iyawa. Kuma dan Allah ban da gogewa a jikin riga, musamman lokacin hunturu da ƙura take ko'ina, yashin da ke jikin yadin ne zai ƙara karce shi. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da tina, suna cin robar.

In ka wanke ya bushe sarai kuma bai daina ba, daina jan faifan gaba ɗaya a lokaci guda. Buɗe shi ka shiga foldar VIDEO_TS, za ka ga fayiloli masu ƙarewa da VOB, su ne fim ɗin, an yanka shi gunduwa-gunduwa kowanne bai wuce 1GB ba. Kwafe su ɗaya bayan ɗaya, ka ga ko ba komai ka tsira da masu lafiyar, ka kuma san wanne ne mai ciwon. Shi mai ciwon sai ka sa masa manhajar da ba ta yin fushi ta ajiye aiki. Akwai Unstoppable Copier, ƙarama ce kuma kyauta, akwai IsoBuster, su in sun zo wajen da ya ƙi karantuwa suna gwadawa iya adadin da ka ce sannan su tsallake su ci gaba. Wanda ya iya Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, manhajar ddrescue ta fi su duka a wajena, don tana ajiye bayanin inda ta karanta da inda ta kasa, ko wuta ta ɗauke ka dawo daga inda ka tsaya za ta ɗora, har ma kana iya kai faifan wata na'urar ta cike maka guraben da suka rage. Aikin yana iya cin awanni, ka jona caji ka bar shi, kuma ka faɗa wa mai faifan gaskiya tun farko cewa wani waje hoton zai ɗan yi tsalle.

Tambaya daga wata uwa, wani ƙauye kusa da Dambatta:

Salamu alaikum. Ɗana ne yake rubuta min. Ina da faifan bikin babbar 'yata na VCD, a ciki akwai mahaifiyata da ta rasu, shi kaɗai ne hoton ta mai motsi da muke da shi. Yanzu ba ya yi sosai, rubutun samansa ma ya fara ɓarewa. An ce in shafa masa makilin, in shafa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan Inna ya kai haske kabarinta. Kar ki shafa tukuna, dan girman Allah. Abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki ba karcen ƙasa ba ne, wannan ɓarewar ta sama ce. Shi VCD ai CD ne, CD kuma kaurinsa milimita 1.2 ne kuma kusan duk roba ce zalla, bayanin yana can sama, ƙarƙashin fentin da ake rubutu a kai, ɗan siririn ƙarfe ne mai sheƙi da ɗan shafe kawai ya rufe shi. In saman ya ɓare to bayanin ne ya tafi, babu makilin ɗin da zai dawo da shi. DVD ya ɗan fi tsaro ta nan, nasa bayanin a tsakiya yake, roba biyu aka manne kowacce 0.6.

Ki sa yaron ya ɗaga faifan saitin fitila ko hasken taga, in yana hango haske yana ratsowa ta wasu ƙananan huji, wajen ya riga ya mutu, amma sauran yana nan. Kar a liƙa masa salatif, kar a yi rubutu da biro a kai, kar a wanke wannan ɓangaren, a sa shi a gidansa na roba a kai wa wanda ya san aiki cikin satin nan, ba sai bayan sallah ba, don ɓarewa in ta fara ci gaba take yi. A ce masa ya shiga foldar MPEGAV, fim ɗin yana cikin fayil mai suna AVSEQ01.DAT, in akwai na biyu ya haɗa da shi. VCD an yi shi da ƙarancin lissafin gyara kuskure don fim ya samu wajen zama, shi ya sa kwafi na kai tsaye yake yawan ƙi, sai da IsoBuster ko makamanciyarta. In ya fito, manhajar kallon bidiyo ta VLC tana buɗe shi. A ajiye shi waje biyu ko uku, memori ɗaya ba ajiya ba ce, a tura wa 'yan'uwa ma kowa ya riƙe a wayarsa.

Shi makilin abin da yake yi shi ne ya ɗan cinye bakin karcen da ke ƙasa don haske ya wuce, wani lokaci yana taimakawa a karce marar zurfi, wani lokaci kuma ya bar faifan da hazo ya fi da lalacewa. Ni ba na yarda a yi shi sai an riga an kwashe duk abin da zai kwasu.

Tambaya daga wani ɗalibi, Birnin Kudu:

Yaya tawa laftof ɗin tana karanta CD amma in na sa DVD ko alama, kamar ban sa komai ba. Windows zan sake?

Amsa: Ƙanena kar ka wahalar da kanka da sake Windows. A cikin na'urar fitilar laser biyu ce, ta CD daban mai tsawon zangon haske nanomita 780, ta DVD daban, ja ce, mai nanomita 650, ɗaya tana iya raunana ɗayar na aiki, kuma ramukan rubutun DVD sun fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, shi ya sa faifai mai girma ɗaya CD yake ɗaukar 700MB, DVD kuma 4.7GB, don haka 'yar ƙura kaɗan ta isa ta hana shi. Kashe laftof ɗin, jawo tiren, za ka ga idon, ɗan gilashi kamar ƙwayar gero. Samo auduga irin ta goge kunne ka ɗan jiƙa ta da sifirit, ɗan kaɗan ba sharkaf ba, ka shafa a hankali ba dannawa, don idon a kan wasu siraran wayoyi yake lilo, in ka danna ka karkatar da shi shikenan. Bar shi ya bushe ka gwada. In bai yi ba fitilar ce ta mutu, gyaranta bai kai wahalarsa ba, in ka shiga Kano ka nemi ta waje mai jonawa ta USB wajen masu kayan kwamfuta na titin Beirut, ka tafi da faifanka a gwada a gabanka.

Tambaya daga Maigatari:

Malam na sayi ta USB ɗin, amma tana fara gudu sai ta ɓace daga kwamfuta ta sake dawowa.

Amsa: Wannan ƙarancin wuta ne Malam. Ramin USB 2.0 abin da aka tsara zai bayar 500mA ne, na 3.0 mai shuɗin ciki 900mA, ita kuma in motarta ta ɗau gudu tana neman fiye da abin da ƙaramin yake bayarwa. Jona ta a shuɗin, ko ka nemi waya mai kai biyu ka cusa duka biyun, ka cire wayoyin da kake caji a jikin laftof ɗin, ka bar caja a jone. Doguwar waya mai arha ma tana jawo haka. Kuma ka ɗora ta a waje mai lebur, ba kan katifa ba, ba kan bencin da janareta yake girgizawa ba.

Tambaya daga wani malamin makaranta, Rano:

An kawo min tsarabar faifai orijina daga Ingila, fes yake ko ɗigon karce babu, amma kwamfuta ta ce wai yanki bai dace ba, kwafi kuma ya ƙi. Ina so in juye in dinga tura wa mutane.

Amsa: Malam wannan faifan lafiyarsa ƙalau, kulle shi aka yi. Kamfanonin fim sun raba duniya yanki-yanki, Amurka 1, Ingila da yawancin Turai da Saudiyya 2, mu Najeriya da Indiya muna 5. Na'urar kwamfuta tana barin ka canza yankinta sau 5 kacal, daga nan ta tsaya a na ƙarshen, ko ka sake Windows ba za ta koma ba, to kar ka yi ta canzawa. Ƙin kwafin kuma da gangan ne, akwai makullin da ake kira CSS, wasu kamfanonin ma suna dasa gurɓatattun wurare a faifan don mai kwafi ya cije, DVD na talabijin kuma ya bi ta gefensu. In kallo kake so gwada VLC ko DVD na talabijin, da yawa daga waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu ba sa duba yanki. Amma maganar juyewa a raba wa mutane, gaskiya ba zan koya ba. Haƙƙin wasu ne, akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022 a ƙasar nan, kuma duk wanda ya san yadda kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai take a da ya san irin illar da satar fasaha ta yi wa masu shirya finafinanmu, mutum ya ci bashi ya yi fim kafin ya mayar da kuɗinsa an cika gari da na jabu.

Tambaya daga Gumel:

Na haɗa faifan ya zama fayil ɗaya na ISO lafiya, amma filash ɗina mai 16GB ya ce fayil ya yi girma alhali ba komai a ciki.

Amsa: Filash ɗin a tsarin FAT32 yake, shi kuma ba ya karɓar fayil guda da ya kai 4GB komai yawan filin da ya rage. Kwashe abin da ke ciki in akwai, ka yi masa fomat zuwa exFAT ko NTFS. Sai dai wasu tsofaffin talabijin da DVD masu ramin USB FAT32 kaɗai suka sani, in a can za a kalla to bar shi yadda yake, ka zuba fayilolin VOB ɗin a rarrabe, ko ka matse fim ɗin da manhajar HandBrake ya koma MP4, zai ragu sosai har ya shiga memorin waya.