Katin kyauta a barga: anya zai yi a ƙauye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina da dawaki 4 a wani ƙauye kusa da Ringim, ina ba da hayarsu ga angwaye da samari masu kilisa. Da sallah har rasa doki ake yi, amma da an gama hawa sai barga ta yi tsit, ga harawa da dusa kullum sai an saya. Ƙanena da ke karatu a Dutse ya ce in buga katin kyauta, wato mutum ya biya kuɗin hawa, ya ba wani katin ya zo ya hau. Anya wannan zai yi a karkara?
Mai dawaki, ƙasar Ringim

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Zai yi. Ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun da can ana ara wa ango doki don a fita kunyarsa, takarda ce kawai ta ƙaru.

Amma bari in ba ka labarin wautata. Shekarar da na fara, na buga kati 20, na rubuta kuɗi kawai a jiki, babu rana babu lokaci. Kuɗin na zuba su a harawa tun kafin azumi. Ranar sallah da hantsi sai ga samari 11 a ƙofar barga, kowa da katinsa, ni kuwa dawaki 3 gare ni, su ma duk an riga an kama. Har wurin mai unguwa aka je.

Don haka kada ka rubuta kuɗi, rubuta abin da za a samu: kilisar yamma ɗaya daga la'asar zuwa magariba, da sirdi da linzami da yaron da zai riƙe ragama. Ka sa ɓaro-ɓaro cewa ban da ranakun sallah ƙarama da babba. Wa'adi wata 3 ya isa. Kowane kati da lambarsa a littafinka da sa hannunka, domin na'urar kwafi ta cika gari. Kuɗin kuma ajiye su gefe, bashi ne a kanka sai an hau. Wanda wa'adinsa ya wuce, ni dai ƙara masa mako 2 nake yi, ba na cinye masa.

Wa zai saya? Ba mahayin ba. Kawu ne da ɗan ƙanwarsa ya yi saukar Alƙur'ani, ko abokan ango, ko ɗan garinku da ke aiki a Kano yana son faranta wa ƙannensa. Saboda haka ajiye katin inda suke zuwa: wurin tela mai ɗinkin angwaye, da mai hoto, da mai POS na bakin tasha, ka ba su ɗan lada a kan kowane ɗaya. Kada ka ɓata ƙafarka zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, can masu dawaki ne irinka.

Wanda kuma ya zo da kati, mai yiwuwa bai taɓa sa ƙafa a likkafa ba. Ingarman nan mai zafin kai bar shi a turke, fito da mafi sanyin hali, ka gyara masa zama da kanka. In ya sauka, karɓi lambar wayarsa, ka tambaye shi yaushe ne bikin yayansa.