Hukuncin sa magani ta hanyar da takardarsa ba ta ambata ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga Aboabo nake, nan Kumasi. Babana mai ciwon siga ne, gyambon dunduniyarsa ya ci har ƙashi. Likita ya ce zai kankare ruɓaɓɓen wurin, ya kwaɓa garin vankomaisin (maganin kashe ƙwayoyin cuta) da sumuntin ƙashi, ya mulmula kamar 'ya'yan carbi, ya cusa a ciki. Ƙanwata nas ce, ta ce takardar maganin ba ta ambaci haka ba. Mu sa hannu, ko gwaji za a yi da tsoho?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ya halatta, ɗana, amma da sharaɗi.

Takardar cikin kwali ba nassi ba ce. Abin da kamfani ya gwada ya nemi rajista a kansa, shi hukumar magunguna take yarda a rubuta, kuma shirunta ba hani ba ne. Maganin nan tun 1958 aka amince da shi a Amurka. Likitocin ƙashi sun ga yana jure zafin da sumuntin ke yi wajen daskarewa, sannan ya riƙa tsatsowa a hankali daidai inda cutar take. Ƙafar mai siga kuwa jini ba ya isarta sosai, don haka maganin da ake sawa ta jijiya kaɗai ba lallai ya wadatar ba.

Ma'aunin shari'a yana kan mai aikin. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da likitanci ba, lamuni yana kansa. Ƙwararren da ke bin hanyar da 'yan'uwansa likitoci suka sani, yana kuma rinjayar da zaton amfani a kan cutarwa, bai shiga wannan ba. Wanda ya shiga shi ne mai ɓare kafso a shago ya barbaɗa wa gyambo, abin da ya zama ruwan dare a zangonninmu. Kada wani ya ɗauki fatawar nan ya kai can.

Ku tambayi likitan illar da ake tsoro, musamman ga ƙoda, da ko sai an sake buɗe ƙafar a ciro ƙwallayen. Sa hannu kuma, muddin Baba yana cikin hankalinsa, haƙƙinsa ne, ba naka ba. A yi masa bayani da Hausa, ya amsa da bakinsa.

Wallahu a'alam.