Amsa: Mawaƙina ya ajiye kalangu ya koma fiyano

Ɗan'uwa, ka ce mawaƙin da ka fi shekara goma kana bi ya sallami makaɗansa ya koma kiɗan situdiyo, kana tambaya ko ya ci amanar masoyansa na farko. A'a, bai ci amanar kowa ba, kai ma kuma ba dole ka bi shi ba. Tsofaffin waƙoƙin suna nan a memorinka, ka ci gaba da jinsu.

Abin da ya kai shi can kuɗi ne. Na taɓa shiga hidimar wani biki a Jekadafari, a nan Gombe. Da muka yi lissafin gayyatar masu kalangu, ga makaɗa, ga 'yan amshi, ga motar da za ta kwaso su da kayansu, ga abinci, sai uwar amarya ta ce a kira DJ kawai. Yaro ɗaya ya zo da kwamfuta da sifika biyu, aka cashe har dare. To mawaƙin da ke ganin haka kowane mako me kake so ya yi? Fiyano ɗaya yana fitar da ganga da sarewa, kuma ba ya neman kasonsa a liƙi. Sharaɗina dai shi ne baiti. In har yanzu yana zuba Hausa mai azanci da habaici mai shiga jiki, ina tare da shi ko da na'ura ta ɗan murɗe muryar. Amma wanda na daina saurare, layi biyu yake maimaitawa minti biyar don 'yan TikTok, nan na sauka.